Na Tsakiya Ne Nasa

Salamu alaikum 'yan uwa. Yau don Allah kada wadda ta rubuta min "Allah sarki Khaulat" a ƙasan labarin nan, ban cancanta ba. Ku bari ku ji abin da na tafka tukuna, in ya so masu zagi su zaga. Na san dama akwai masu jiran ƙiris.

Ga waɗanda yau suka fara leƙowa, sunana Khaulat, 'yar Malam Iliyasu, a wani ƙauye da ke gefen ruwan Watari. Sana'ata ɗinkin hula. Mai nemana kuma Abdulmumini ne, manomin rani, tumatir da albasa. Jibi Juma'a ne manyansa za su zo sa rana. Haka dai aka tsara. Yanzu da nake rubutun nan ban san ko za su zo ba, kuma ni na jawo.

Abin ya faro ne daga injin ban-ruwa. Watannin baya yana tayar da shi a fadama, igiyar ta kufce masa, mariƙin ya dawo ya daki bakinsa. Haƙorin gaba na sama ya karye, rabi ya tafi. Ku da ba ku san shi ba ba za ku gane girman asarar ba. Abdulmumini mutum ne da in yana dariya a soron gidanmu, Inna daga madafi take cewa, "Surukin nawa ya iso ke nan." To tun daga ranar ya koma rufe baki da tafin hannu. In zai yi magana kai a ƙasa, in dariya ta kama shi hannu ya riga ta isa bakin. Abin yana ci min rai, har na fara yi masa mita.

"Don Allah ka je a gyara mana. Ni na gaji da zance da bayan hannunka."

"Ranki ya daɗe, bari a kwashe tumatir tukuna."

Ana cikin haka Goggo Tahira ta zo. Yayar Baba ce, a Ungogo take aure, kuma tun da kwalta ta bi ta ƙofar gidansu take kallonmu kamar mutanen zamanin da. Ita burinta in auri Khalilu, ƙanin mijinta mai shagon sayar da waya. Ranar kuwa ta yi kiciɓis da Abdulmumini a ƙofar gida, ya durƙusa ya gaishe ta, hannu a baki. Tana shigowa ko mayafi ba ta cire ba ta fara.

"Yanzu ke Khaulat duk karatun da kika yi, a kwandon tumatir za ki ƙare? Ki dubi Khalilu mana, yaro fes, in ya yi murmushi kamar mai tallan man goge baki. Wannan kuwa ga giɓi, ga sauran duk sun sha ruwan rijiya."

Baba yana alwala a bakin rariya, bai ko ɗago ba ya ce, "Yaya, a bar yarinya da wanda ta ce tana so."

Magana ta mutu a nan, don Baba ba ya maimaita zance. Ni ma na murguɗa baki a ɗaki na ce can ta matse mata. Ashe maganar ta samu wuri ta zauna a raina ban sani ba. Haƙoran Abdulmumini lafiyayyu ne, jere reras, irin namu na nan ne kawai, ba fari ƙal ba, sun ɗan ja ruwan madara. Ban taɓa ganin aibunsu ba sai da Goggo ta faɗa.

Da aka kwashe tumatir ya cika alkawari, ya tafi wani asibitin haƙori a cikin gari. Ina zaune a gindin darbejiyar tsakar gida bayan azahar, hula a gwiwa, allura a hannu, sai waya ta yi ƙara.

"Ranki ya daɗe, kina kusa?"

"Ina jin ka."

"Wai za a sa min na tangaran, irin wanda ake liƙewa, ba a cirewa. Likita ya kawo wasu 'yan haƙora jere a jikin ƙarfe, wai a zaɓi kalar da ta dace da nawa. Ni wallahi duk fari nake gani."

Sai hotuna suka shigo, guda uku. A kowanne ya yage baki, an kara ɗan haƙori ɗaya kusa da nasa. Har da ɗan gumi a saman leɓensa, bawan Allah.

"Ke ce mai ido. Wanne?"

Gaskiyarsa ne, ni ce mai ido. A gwangwanin zarena farin zare kaɗai kala-kala ne: akwai fari ƙal, akwai ruwan madara, akwai wanda ya ɗan ja ƙasa-ƙasa. Mai kawo ɗinki ba ya bambancewa, ni kuwa ko a inuwa aka miƙo min sai na faɗa. Ido ba mudu ba, amma ya san kima. Kallo ɗaya na yi wa hotunan na gane. Na ƙarshe ya yi duhu. Na tsakiya ya saje, ya ɓace a cikin 'yan uwansa kamar da shi aka haife shi. Na farko kuma ya ɗan fi su haske, kaɗan fa, kamar bambancin sabuwar farar shadda da wadda aka wanke sau ɗaya.

Na rubuta "na tsakiya". Wallahi na rubuta, yatsana yana kan wurin turawa. Sai na ji muryar Goggo a kunnena, mai tallan man goge baki. Zuciya ta ce min, ke, ɗan hasken nan wa zai lura? Ai ƙara masa kyau zai yi. Ranar biki in ya yi murmushi a hoto, Goggo ta ga mu ma muna da namu. Na goge.

"Na farko."

"Kin tabbata?"

"Wallahi shi ne daidai da naka."

Kun ji fa. Har da rantsuwa, ba wanda ya tambaye ni ita. Na ajiye waya na ci gaba da ɗinki, ina jin kaina wata mai dabara.

Ranar da ya fara zuwa bayan an sa, na ci kwalliya kamar sallah. Atamfata mai ruwan ganye, ɗaurin ture-ka-ga-tsiya, na ɗora farin mayafi, na sha humra har Inna tana tari. Shi kuma ya sa shadda ruwan toka da hular da na ɗinka masa, mai zanen masallaci. Na shimfiɗa masa darduma a soro. Yana ganina ya saki dariyar nan tasa ta da, hannuwansa duka biyu a kan gwiwa. Sai da na ji ƙwalla ta taru min don daɗi.

"To, mai ido, ya kika gani?"

"Masha Allah. Kamar ba a taɓa ba."

Na faɗa ne kawai. Hasken la'asar yana shigowa ta ƙofar soro yana sauka a fuskarsa, idona kuma ya ƙi zuwa ko'ina sai kan haƙorin nan. Ga shi can, ya ɗan fi kowa. Abin da ban yi lissafi ba shi ne, farin nasa zai sa na kusa da shi su yi kamar sun ƙara ja. Haƙoran da na sani lafiya lau, yanzu kusa da baƙon sai suka zama kamar ba a wanke su. Yana ta ba ni labarin yadda aka yi masa allura a dasashi, yana kwaikwayon ƙarar injin likita, ni kuwa ko rabi ban ji ba.

Amma ku ji ikon Allah: ba wanda ya gani. Ya shiga ya gaida Inna, ta ce, "Kai, barka! Yanzu ka dawo mutum." Baba ma da suka gaisa cewa ya yi, "Wanne ne ma ya karye?" Abokansa na fadama suka yi masa barka, aka wuce wurin. Makonni suka shuɗe, mutum yana ta dariyarsa a gari, ko yaro bai nuna shi ba. Da ni mai hankali ce, da na yi shiru na gode wa Allah da ya rufa min asiri.

Sai dai mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Ni da na san abin da na yi, gani nake kowa ya gani, kunya ce ta hana su faɗa. Na fara bin mutane da tambaya.

"Inna, ba ki lura da wani abu a bakinsa ba?"

"Bakin wa?"

"Shi mana. Haƙorin da aka sa."

"Me ya samu haƙorin?"

"Ba ki ga kamar ya ɗan bambanta ba?"

Ta dube ni ta ci gaba da tankaɗe. "Ke kam akwai neman magana. Haƙori dai ai haƙori ne. Miƙo min faifan can."

Hankalina ya ɗan kwanta, na kwana biyu. Sai na ce ai idon Inna ya fara rauni, ko zare sai na zura mata. A samu mai ido irin na zamani a gwada.

Mai idon zamani kuwa ta zo da ƙafarta. Ummu Salma, 'yar Goggo Tahira, taubashiyata. Sa'ata ce, muna shiri sosai, sai dai bakinta ba ƙofa. Ta zo mana hutu, ta fita soro suka gaisa da Abdulmumini, ta tsokane shi ya rama, suka yi ta dariya fuska da fuska. Da ta dawo ɗaki ta faɗa kan katifa ta ce, "Ke, gaskiya mutumin naki ya fito. Mama ta rasa abin faɗa yanzu."

Kun ga inda ya kamata in tsaya ko? Jarrabawa ta ƙare, an ci. Amma ina!

"Ba ki ga komai ba?"

"Kamar me?"

Na ɗauko waya, na buɗo hotonsa da yake kan fuskar WhatsApp ɗinsa, wanda ya ɗauka a cikin albasa yana dariya. Na ja hoton da yatsu har bakin ya cika gilashin.

"Duba da kyau. Wanne ne na tangaran?"

Ta ƙura ido, ta karkata kai, ta nuna na hagu. Na hagu fa, nasa na haihuwa! Ko a nan da na ce "kin canka" da an wuce wurin. Sai na sa farce na nuna mata na daman.

"Wannan. Ba ki ga ya fi sauran haske ba?"

Ta matso da wayar, ta nisanta ta, ta sake matsowa. Sai ta dafe ƙirji.

"Laaa! Wallahi kuwa! Ke, ya aka yi ban gani ba? Kai, ai yanzu shi kaɗai nake gani. Sola! Fitilar sola aka sa masa a baki!"

Ta kife tana dariya har da dukan filo. Na kama hannunta na ce, "Ummu, don girman Allah ki bar shi a ɗakin nan."

"Haba, ni da ke taubasai ne, mijinki abokin wasana ne. In ban tsokane shi ba wa zai tsokana?"

Ban gaya mata ni na zaɓa ba. Na bar ta tana zaton aikin likita ne.

Cikin satin matar yayansa ta haihu, muka je suna ƙauyensu, ni da Ummu Salma da wasu ƙawaye. Ɗakin mai jego cike da mata, zafi, hayaƙin turaren wuta, ga duhu don taga ɗaya ce. Muna zama Ummu ta ɗaga murya.

"Wai ina angon namu mai sola? A kira shi ya yi mana murmushi mana, ɗakin nan ba a ganin fuskar jariri!"

Aka fara tambaya, wace sola? Ta yi bayani dalla-dalla, har da nuna nata haƙorin, na sama, ɓangaren dama. Ni ina gefe na sunkuyar da kai kamar mai kunyar dangin miji, alhali ƙasa nake roƙo ta tsage. Ba a jima ba tsautsayi ya kawo shi tsakar gidan da buhun ruwan leda a kafaɗa. Mata suka yi caa a bakin ƙofa, wannan ta gaishe shi, waccan ta ja shi da wasa don ya buɗe baki. Shi kuwa bai san dawan garin ba, yana ta washe musu.

Matan nan fa kullum suna ganinsa. Wasu gida ɗaya suke kwana. Amma suna komowa ɗaki sai ga wata tana cewa, "Ni tun daga bakin rijiya na hango shi." Wata tsohuwa har da rantsuwa wai ita tun ranar farko ta gani, kawaici ta yi. Kafin a watse suna, sunan ya bi gari. Kafin wani satin ya isa fadama. Har masu lodin albasa Sola suke kiransa.

Bai ce min komai ba. Ko sau ɗaya bai kawo zancen ba, ni ma na yi lamo. Sai dai na fara ganin wasu abubuwa. Mutumin da ba ya wuce mai shayi, na haɗa masa shayi da citta da kanumfari ya ce ya ƙoshi. Na aika masa rake, irin farar nan mai taushi da yake so, ƙanwarsa ta gaya min raba wa yara ya yi. In ya zo, ƙamshin lemon tsami nake ji a jikinsa a kan turarensa. Wata rana da hantsi ya turo saƙo.

"Ranki ya daɗe, wai gawayin wane ice ne ya fi laushi?"

"Me za ka yi da gawayi?"

"Ba komai, wani ne ya tambaye ni."

Na tura masa hoton dariya na ce ya tambayi masu gasa masara. Zuciyata ta ɗan buga, amma na danne ta. Wanda ba ya son ganin abu ai ko an kara masa a ido ba zai gani ba, ni da nake taƙama da ido.

Abin da na iya yi kawai shi ne na lallaɓa wurin Baba, yana duba littafi a inuwa. Na ce wata ƙawata ce take tambaya, in mutum ya rantse a kan abin da ya san ba haka ba ne, azumi nawa zai yi? Baba ya sauke tabarau ya dube ni, kallon da ya fi tsawon yadda nake so.

"Ki gaya wa ƙawar taki wannan ba ta azumi ba ce. Wadda aka yi da gangan a kan ƙarya ta fi ƙarfin kaffara. Sai tuba, sannan in an cuci wani da ita a je a gyara."

Na ce to, zan gaya mata. Na so a ce azumi ne. Da ko na wata guda ne na yi, ba wanda ya ji.

Yau Laraba. Tun safe gidanmu yake ƙamshin mai, Inna da maƙwabciyarmu suna suyar cincin da dubulan na baƙin Juma'a. Zafin bazarar nan kuwa kun san shi, ko kaza ta buɗe baki. Bayan la'asar na ji tsayuwar babur ɗinsa. Na zura doguwar riga ruwan hoda, na yafa mayafi, na ɗebo masa ruwa a randar Inna, wadda take ƙarƙashin rumfa a kan jiƙaƙƙen yashi. Ruwan randar nan har maƙwabta aikowa suke a ɗebar musu. Shi kuwa kullum in ya zo sai ya shanye kwano guda ya ce a ƙaro.

Na durƙusa na miƙa masa. Ya yi bismillah ya kai baki. Kurɓa ɗaya ya yi, sai na ga ya runtse ido, ya dafe muƙamuƙi, kafaɗunsa suka ɗaga. Ruwan ya zubo ta gefen bakinsa ya jiƙa gaban rigar. Da ya buɗe ido har sun kawo ruwa.

"Subhanallahi! Lafiya?"

"Ba komai. Sanyin ne ya ɗan ratsa ni."

"Buɗe in gani."

"Haba ranki ya daɗe, a soron surukai?"

"Don Allah ka buɗe."

Ya buɗe. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Dasashinsa ya yi jawur, wani wurin ya saluɓe. Haƙoran nan masu sheƙi sun dushe, sun yi wani fari-fari marar rai kamar alli. Na tangaran ne kaɗai yake zaune lafiyarsa lau, yana ƙyalli a tsakiyarsu.

"Me ka yi musu?"

Ya ɗan yi murmushi, irin na wanda aka kama yana shirya abin mamaki.

"So na yi sai Juma'a ki gani. Ai na gano inda matsalar take. Da aka fara kirana Sola na ji haushi, har na ce ko in koma wurin likitan. Sai na tuna ke kika ce wannan shi ne daidai da nawa, har kika rantse. To in shi ne kalar nawa ta asali, ashe sauran ne na bari suka yi dauɗa, shayi da goro. Shi ne nake dawo da su. Lemon tsami da kanwa da safe, gawayi da yamma. Wani ya ce in haɗa da toka, ta fi saurin ci."

"Tun yaushe?"

"Tun bayan suna. Sun mutu dai kam, ko tuwo da ɗumi sai ta gefe nake ci. Amma duba, ba su fara kamo shi ba?" Ya sake buɗewa yana nuna min. "Ni Sola ba ta dame ni ba. Ba na so ne a riƙa ce miki matar Sola."

Jama'a, ban san lokacin da na zauna daɓas a ƙasa ba. Garin gyaran gira na tsone ido. Mutum yana kankare lafiyayyun haƙoran da Allah ya ba shi, safe da yamma, yana jin zafi yana daurewa, don su yi daidai da ƙaryata. Daga cikin gida ina jin ƙarar mai da dariyar Inna. Zuciya ta ce, ki ce masa ya daina kawai, ki ce sun yi, ba sai kin tona ba. Juma'a jibi ce. Na buɗe baki da niyyar faɗar hakan, sai na ga wata rantsuwar ce take jirana a gaba.

"Ba dauɗa suka yi ba," na ce. "Kalarsu ke nan tun asali. Na tsakiya ne naka."

"Na'am?"

"A hotunan da ka turo. Na tsakiya ne ya dace. Na gani sarai, har na rubuta na goge. Na zaɓi na farko don ya fi fari."

Ya kalle ni kamar da wani yare na yi magana. Da na fara sai na kasa tsayawa. Na gaya masa maganar Goggo. Na gaya masa ba wanda ya lura, ko Ummu Salma ba ta gani ba, na hagu ma ta nuna, ni na sa farce na nuna mata. Ina faɗa ina kuka, majina da hawaye, kwalliyar duk ta dame.

Ya ajiye kwanon a hankali a gefen darduma. Bai ɗaga murya ba. Da ma ya yi faɗa, da na fi samun sauƙi.

"Likitan ma na tsakiya ya ce."

Na ɗago.

"Sau biyu yana faɗa min. Har ya fita da ni bakin taga ya ba ni madubi. Na ce masa, likita, kai ka san haƙori, amma wadda zan aura ta fi ka sanin fari."

Na rasa inda zan sa kaina. Na ce, "Ka yafe min. Don Allah ka daina goga musu komai, ka koma asibiti a duba su. In ana canzawa a canza, ni zan…"

"Wannan mai sauƙi ne," ya katse ni. "Abu ɗaya nake so in sani, kuma kada ki rantse, ki faɗa kawai. Ranar da kika ga na tsakiya ya yi daidai da nawa, kika ƙi shi. To nawan ne ba su yi miki ba?"

Amsar tana bakina. A'a, sun yi min, sun fi min na kowa. Gaskiya ce kuma, yau. Amma tambayarsa a kan ranar ce, kuma a ranar, na ɗan lokacin da na goge saƙon nan, da idon Goggo na kalle shi. Ya ce kada in rantse, ni kuma na gaji da ƙarya. Sai na tsaya neman yadda zan jera maganar. Shirun bai fi na haɗiyar yawu ba, amma ya ji shi.

Ya gyaɗa kai. Ya miƙe, ya karkaɗe rigarsa, ya gyara zaman hular da na ɗinka masa.

"Juma'a fa?" na ce, da ƙyar.

"Allah ya kai mu."

Ku da kuka san Hausa kun san wannan amsar tana iya zama komai. Bai fasa ladabinsa ba kuwa. Ya taka har ƙofar tsakar gida ya yi sallama, ya durƙusa daga nesa ya gaida Inna, ta sa masa albarka, ta ce a kawo masa dubulan mai zafi ya ɗanɗana, ya ce a'a wallahi ya gode, sauri yake. Na ji tashin babur ɗin, na bi ƙarar da kunne har ta ɓace ta hanyar fadama.

Na daɗe a soro kafin na goge fuska, na ɗauki kwanon ruwan da ko rabi bai sha ba na shiga. Na duba waya a hanya. Hoton nan na cikin albasa ya sauka daga WhatsApp ɗinsa, ba a sa wani ba.

Inna tana tsame dubulan daga mai, fuskarta duk gumi, ta cika faranti har ya yi tozo. Ba ta ko kalle ni ba ta ce, "Zo ki jera min waɗannan a roba, na baƙi ne, kada yara su gani."

Na durƙusa na fara jerawa.

"Wai ni Khaulat," ta ce, tana juya matsami, "haƙorin yaron nan sake karyewa ya yi? Na ga ya koma rufe baki da hannu."